YADDA ZA KA ZAƁI 'YAR NA'URAR SAURARE MAI ARAHA BA TARE DA KA YI ASARA BA

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga birnin Sakkwato da yamma, tun daga Ƙofar Rini har zuwa Gawon Nama, zai lura da wani abu guda. Mai shayi ya rataye wani ɗan akwati a jikin teburinsa yana tashin kiɗa. Ɗan kabu-kabu ya soka waya a kunne. Dattijo kuma yana kishingiɗe a ƙofar gida yana sauraren karatu ko labarai daga wata aba da ba ta wuce tafin hannu ba. Wannan aba ita ce ake kira MP3, wasu kuma su taƙaita su ce "empi".

Mai karatu zai iya cewa, to ai wayar salula ta ɗauke wannan aiki. Gaskiya ne, amma ba ga kowa ba. Babbar waya tana da tsada, tana shan caji, kuma makarantun kwana da yawa ba su yarda ɗalibi ya riƙe ta ba. Ban da wannan, wanda ya ɗauki waya don ya saurari darasi, sau da yawa kafin ya ankara ya ɓuge da hira. Saboda haka har yanzu akwai ɗalibai, maza da mata, masu tara 'yan kuɗin kashewarsu na zango guda ko biyu domin su sayi 'yar na'urar da ba ta da wani aiki sai sauti.

Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikinsu kafin mako uku na'urar ta mutu, ko ta haɗiye duk abin da aka zuba mata. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa araha ba laifi ba ce. Abin da ke raba ta ƙwarai da ta banza ba ya rubuce a jikin kwali. Yana cikin kati da batir da maɓallai, kuma dukansu ana iya gwada su kafin a miƙa kuɗi.

Taƙaitaccen Tarihi

Kakanninmu sun fara jin muryar makaɗa ne daga faifan garmaho da kuma akwatin rediyo. A shekarar 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, wanda daga baya ya cika kasuwanninmu. Ta hanyar kaset da Rediyon Rima ne jama'a da dama suka haddace waƙoƙin makaɗan wannan yanki, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗankwairo da Ɗan'anace. Kaset ɗin da aka fi sani yana ɗaukar minti 60, wato 30 a kowane gefe. Tambayi duk wanda ya yi zamanin, zai ba ka labarin yadda rakoda ke tauna zare, a zauna da biro ana naɗe shi.

A shekarar 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, wato ƙaramar rakoda da mutum zai rataya ya yi tafiyarsa yana saurare shi kaɗai. Faifan CD ya biyo baya a 1982. Shi kuwa tsarin MP3, masana ne na cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus suka yi rawar gani wajen samar da shi, daga cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, kuma a 1995 ne aka raɗa masa wannan suna. A 1998 wani kamfani na Koriya ta Kudu ya fito da MPMan, ɗaya daga cikin na'urorin farko na aljihu masu karanta MP3. Cikinta megabayit 32 ne kacal, wato kamar waƙa shida ko bakwai. A 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPod mai ɗaukar waƙoƙi 1,000. Ita ma ta yi zamaninta, aka daina ƙera ta a 2022.

Waɗanda suka cika kasuwanninmu a yau, galibinsu daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, su biyo ta Legas ko Kano kafin su iso nan. Da yawa ba su da wani suna sananne. Za ka ga guda biyu kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta shekara uku tana aiki, ɗaya kuwa ba ta ga ƙarshen wata ba.

Yadda Take Aiki

A kaset, sauti yana kwance ne a jikin zare. A wannan na'ura kuwa, an mayar da sautin lambobi, an adana su cikin wani ɗan ƙanƙanin kati. A faifan CD ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa minti ɗaya ke cin wuri kimanin megabayit 10. Dabarar MP3 ita ce ta zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kama su sosai, alal misali ƙaramar ƙara da babba ta danne. Ta haka fayil yake raguwa zuwa kusan kashi 1 cikin 11 na girmansa, amma mai saurare da wuya ya gane an taɓa shi.

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi, domin shi ne zai hana a ruɗe ka a kasuwa. A ingancin da aka fi amfani da shi, wanda ake rubutawa da lamba 128, minti ɗaya yana cin kusan megabayit 1. Ke nan waƙar minti 5 megabayit 5 ce. Gigabayit ɗaya, wanda 'yan kasuwa ke ce wa "gig", megabayit 1,000 ne, wato kimanin waƙa 200 ko awa 17. Kati mai gig 8 zai ɗauki waƙoƙi sama da 1,500, ko sauraren da ya haura awa 130. Idan kana saurare awa ɗaya kullum, za ka gama zangon karatu har ka ci hutu ba ka maimaita ko ɗaya ba. In kuwa magana ce zalla, kamar darasi ko lacca ko wasan kwaikwayon rediyo, rabin wannan wuri ma ya ishe ta.

Darasin da ke nan a fili yake. Ɗalibi ba ya bukatar gig 64 ko 128. Gig 8 ko 16 na gaskiya ya fi gig 128 na ƙarya nesa ba kusa ba.

Ire-irenta

Kafin ka taka zuwa kasuwa, tambayi kanka: me zan saurara, a ina, kuma ni da wa? Amsar ita ce za ta nuna maka wadda ta dace da kai cikin waɗannan huɗu.

Ta farko ita ce 'yar mitsitsiya mai maƙali, wadda ake maƙalawa a aljihun riga. Ba ta da fuska, wato ɗan gilashin nan mai nuna sunan abin da ke tafiya. Ita ce ta fi araha. Aibinta shi ne ba ka ganin inda kake. In kana neman waƙa ta 70, sai ka danna sau 69.

Ta biyu mai fuska ce. Tana nuna suna da folda da yawan cajin da ya rage, kuma da yawa suna da rediyo da wurin ɗaukar murya. Ga mai son karatu da ita, wannan ta fi dacewa, ko da ta ɗan fi tsada.

Ta uku ita ce mai lasifika, wadda aka fi sani da empi. Tana cin kati da filashi, tana kama tasha, wata har da tocila ko ɗan faifan sola a bayanta. Ta dace da gida da shago da gona, amma ba ta dace da ɗakin kwanan ɗalibai ba, inda wani ke barci wani ke bita.

Ta huɗu ƙaramar waya ce mai maɓallai, irin su Tecno da itel, waɗanda mafi yawansu ke da wurin kati. Idan akwai irinta a gida, ƙila ba ka bukatar sayen komai lokacin hutu sai kati kawai. Sai dai ka tuna waya ce, dokar makaranta game da waya ta hau kanta.

Abu na Farko: Katin Memori

A nan ne aka fi cutar mai saye, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Ɗan katin nan da bai fi farce ba, wanda ake kira microSD, ya fara yaɗuwa ne daga shekarar 2005. A cikinsa akwai rumbun ajiya, akwai kuma wani ɗan sashe mai aikin magatakarda, wanda ke gaya wa waya ko kwamfuta girman rumbun. Masu yin jabu sukan ɗauki ƙaramin kati, a ce mai gig 2, su sauya bayanin magatakardan ya riƙa cewa gig 32 ne, sa'an nan su buga tambarin wani sanannen kamfani a jiki. Ka sa shi a waya, za ta nuna maka 32. Mai shago ma yana iya nuna maka haka da zuciya ɗaya, domin shi ma a haka ya saro.

Irin wannan kati kamar buhu ne mai huda a gindi. Muddin abin da ka zuba bai wuce gig 2 ba, komai lafiya. Da zarar ka wuce, sabo ya riƙa hawa kan tsoho yana shafe shi, ko kuwa ya tafi inda babu. Sunayen fayil suna nan reras, amma in ka danna, shiru. A ce wata ɗaliba ta je hutu ƙauye, ta zauna da kakarta ta ɗauki tatsuniyoyi da tarihin gidansu, ta dawo ta ƙara waƙoƙi a kai. Ranar da ta nemi muryar tsohuwar sai ta tarar babu. Kuɗin kati ana iya sake tarawa, amma wata murya ba a sake samun ta.

To yaya za a gane? Ga hanyoyi huɗu.

1. Dubi farashi. Idan kati mai gig 64 ya zo daidai da kuɗin mai gig 8 a shagon maƙwabci, to akwai lauje cikin naɗi.

2. Dubi abin da waya ta nuna. Katin gaskiya ba ya cika lambar da aka rubuta, domin masu ƙerawa suna ƙirga da 1,000, kwamfuta kuwa da 1,024. Mai gig 8 yakan nuna wajen 7.4, mai 16 wajen 14.8, mai 32 kuma wajen 29.7. Wannan ba cuta ba ce. Sai dai kuma ganin waɗannan lambobi bai isa shaida ba, tun da jabu ma yana iya kwaikwayon su.

3. Cika shi taf. Wannan ita ce jarrabawar da jabu ba ya ci. A zuba masa manyan fayiloli har ya ce ya ƙoshi, a cire shi, a mayar, sa'an nan a kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi magana, kati ya yi.

4. Inda akwai kwamfuta, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke rubuta lambobi a kowane lungu na kati sa'an nan ta karanto su, ta faɗi girmansa na ainihi. Malamin kwamfuta ko mai gyaran waya zai iya taimaka maka da ita.

Akwai wani abu kuma. Yawancin na'urori masu araha ba su karanta katin da ya wuce gig 32, domin manyan katuna suna zuwa da wani tsarin ajiya dabam da ƙananan na'urori ba su sani ba. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi babba, ya zo gida ta ce ba ta gan shi ba. Haka nan, duk na'urar da aka ce tana da "gig 16 a ciki" amma ba ta da ƙofar kati, a yi hattara da ita, domin ƙaryar da ake yi a kati ana yin ta a cikin na'ura. Mai ƙofar kati ta fi, ko ba komai in ta mutu ka zare katinka ka tsira da kayanka.

Abu na Biyu: Batir

Kowa ya san halin wutar lantarki a garinmu, ta zo yanzu an jima ta tafi. Wanda batirinsa ba ya riƙe caji, rabin kuɗinsa a shagon 'yan caji zai ƙare. Ana auna cikin batir da lamba mai haruffan mAh a gabanta. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai 1,000, in na'ura tana shan 100, zai yi wajen awa 10. Lasifika da fuska mai haske da Bluetooth duk suna ƙara shan wuta, shi ya sa sauraro da iyafis mai waya ya fi daɗewa.

Ita ma wannan lamba ana yi mata ƙari. Akwai wani batir mai kama da na tocila da ake kira 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Na ƙwarai daga manyan kamfanoni yakan tsaya ne a wajen 3,500. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900, to rubutu ne kawai. Irin waɗannan in ka ɗauka za ka ji su sakayau, ba nauyi.

Babbar tambayar da za ka yi ita ce: ana cire batirin? Empi da yawa suna amfani da batir mai lamba BL-5C, irin na tsohuwar wayar Nokia 1100, wanda ake samu kusan a kowane shagon 'yan waya. In ya gaji ka sauya wani, ko ma ka ajiye biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Wadda kuwa aka like batirinta a ciki, ranar da ya mutu sai an kai wa mai gyara, wani lokaci kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa.

Dubi bakin caji kuma. Ka zaɓi wadda bakinta ya yi daidai da wayar cajin da ke gidanku, ko irin wadda ake samu ko'ina. Na'urar da ke da nata baki na musamman, ranar da wayarta ta ɓata ta zama abin wasan yara.

Abu na Uku: Maɓallai da Halin Na'ura

Maɓalli da ƙofar iyafis su ne suka fi saurin lalacewa. Danna kowane maɓalli sau da yawa, ka ji ko yana amsawa da dannawa ɗaya. Soka iyafis ka ɗan juya kansa yayin da sauti ke tafiya. In ka ji ƙarar-ƙarar, ko kunne ɗaya ya ɗauke, to ƙofar ta yi sako-sako tun tana sabuwa, ajiye ta. Ƙofar da aka saba da ita mai milimita 3.5 ce, kuma ita ya kamata ka nema, domin yawancin iyafis na kasuwa suna shiga.

Bayan haka akwai halaye uku da ba a rubutawa a kwali, amma su ne ke sa a ji daɗin na'ura ko a tsane ta.

Na ɗaya, tana tuna inda aka tsaya? Kunna dogon fayil, bari ya kai minti 3, kashe ta, sake kunnawa. In ta ci gaba daga inda ta tsaya, madalla. In ta koma farko, to ba za ta yi wa mai sauraren lacca ko karatu na awa guda amfani ba.

Na biyu, tana shiga folda? Mai son raba darasin Turanci da na Faransanci da waƙoƙi yana bukatar wannan. Ka kuma sani cewa da yawa daga cikin masu araha suna bin jerin yadda aka zuba fayiloli ne, ba jerin suna ba. Saboda haka a sa wa darussa lamba 01, 02, 03, a kuma zuba su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, wane irin fayil take karantawa? Kowace tana karanta MP3, amma ba duk sauti ne MP3 ba. Saƙon murya na WhatsApp da wani tsari yake zuwa mai suna Opus, abin da waya ta ɗauka kuma yakan zama M4A ko AMR. Ƙananan na'urori da yawa ba su san waɗannan ba. Mutum ya ɗauka na'urarsa ce ta lalace, alhali fayil ɗin ne yake bukatar a juya shi zuwa MP3, aikin da masu tura waƙoƙi ke yi cikin 'yan mintoci.

Idan mai rediyo ce, kama Rima ko wata tashar FM ta cikin gari ka ji. A ƙananan na'urori wayar iyafis ita ce eriya, in ba a soka ta ba tasha ba ta kamuwa.

Ranar Zuwa Kasuwa

Hausawa sun hana cinikin biri a sama. Ko Babbar Kasuwa za ka, ko Tsohuwar Kasuwa, ko shagunan da ke titin Ahmadu Bello da na Sarki Yahaya, ka tafi da abu uku: katin da ka tabbatar da shi mai 'yan waƙoƙi da dogon fayil guda, iyafis ɗin da ka san lafiyarsa, da kuma wani babba, yaya ko kawu, wanda ya san kan ciniki. Farashi yana sauyawa tare da darajar naira, don haka kada ka dogara da abin da abokinka ya saya bara. Tambayi shago uku kafin ka taya. Matambayi ba ya ɓata.

Ka fi son mai shago a kan mai talla a baro ko a tasha, domin shago yana nan gobe. Ka yi sallama, ka gaisa da ladabi. In ya ce maka, "Samari, ɗauki wagga, ta ƙwarai ta," sai ka ce, "To Alhaji, in ka yarda in gwada ta da katina tukuna." Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya hana a buɗe kwali ya riga ya ba ka amsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin ka biya, ku yi magana a fili: in ta ba da matsala cikin kwana nawa za a sauya? A rubuta wannan a jikin rasit tare da kwanan wata. Ka ajiye kwali da rasit har lokacin ya wuce, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne za ka cika kati ka gwada, ka yi cikakken caji ka duba agogo ka ga awa nawa za ta yi.

Wajen raba kuɗi kuwa, kada ka zuba duka a kan na'ura ka bar wa kati canji. Gara ka sayi na'ura mai sauƙi da kati na gaske daga amintaccen shago, da ka sayi mai walƙiya da fitilu kala-kala ka sa mata jabu. Fitilun nan ba su ƙara daɗin sauti, batir kawai suke sha. Iyafis ɗin da ke zuwa cikin kwali kuma ba ya cika ƙarko, ka ware ɗan abin sayen wani.

Kula da Kunnenka

Na'ura in ta lalace akwai wata a kasuwa. Kunne kuwa ba a sayar da shi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su sannu a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro ba bisa ƙa'ida ba.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. A ƙa'idar hukumar, babban mutum zai iya jure desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. In ƙara ta kai 90, lokacin ya ragu zuwa awa 4 a mako. In ta kai 100, minti 20 ne kawai. Ƙaramin iyafis kuwa, in an ƙure shi, yana iya wuce 100. Manyan wayoyi sukan yi gargaɗi in an ƙure murya, amma na'ura mai araha ba ruwanta.

Tun da ba ma yawo da ma'auni, ga alamomi masu sauƙi. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, kuma bayan kowace awa a ba kunne hutu. In abokinka da ke kusa yana jin abin da kake saurare, ko sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to ka wuce iyaka. Kada a kwana da iyafis a kunne. In ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi ko ya toshe, gargaɗi ne. In abin ya ƙi wucewa, a gaya wa iyaye ko malamin jinya na makaranta, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka kuma kada a toshe kunne biyu ana tsallaka titi ko ana kan keke, domin wanda bai ji hon ba ba ya kaucewa.

Kula da Na'urar

Yanayin Sakkwato ba ya raga wa kayan lantarki. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma zafi shi ne babban maƙiyin irin wannan batir. Kada a bar ta a rana, ko kan taga, ko cikin mota a rufe. Kada a yi caji ƙarƙashin matashi ko katifa. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi cikin wutar shara, domin yana iya fashewa. Da hunturu kuma ƙura ke shiga ƙofofi ta toshe su, sai a ɗinka mata 'yar jaka. Tela zai yi maka da ƙyallen da ya rage.

Kada a zare kati sauti na tafiya, a kashe tukuna. In an kai kati wurin masu tura waƙoƙi, a sani cewa kwamfutar da ke karɓar katin kowa tana iya ɗauke da bairos mai ɓoye fayiloli. Duk abin da ba ka son rasawa, ka ajiye shi wuri biyu.

Amfani da Ita Yadda Ya Kamata

Kafin ka shigo da ita makaranta, tambayi malamin gidanku ko an yarda. In an ce a'a, bar ta gida, kada garin neman gira a rasa ido. Ɗakin jarrabawa kuwa ko kusa, domin WAEC da NECO ba su yarda da irin waɗannan kaya ba. Kada kuma a ɗauki muryar malami ko ta wani ba da izninsa ba.

Wanda ya iya riƙe ta zai same ta abokiyar karatu. Karanta taƙaitaccen darasinka da bakinka ka ɗauka, ka saurara kana wanki ko shara. Mai koyon Turanci ko Faransanci ko Larabci zai gyara lafazinsa ta maimaita abin da ya ji. Mai nazarin Hausa kuma zai sami waƙoƙin makaɗan baka da ake karantawa a aji ya ji su da kunnensa. A tuna kuma waƙa gumin mai ita ce. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ko ba doka, kwafar aikin wani ana sayarwa ba da saninsa ba cin haƙƙi ne.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma sun yi gaskiya in kwali ya ruɗi mai saye. Amma wanda ya san bukatarsa, ya tafi da katinsa da iyafis ɗinsa, ya tambayi ko ana cire batir, ya danna maɓallai, ya karɓi rasit, zai iya samun ta ƙwarai da kuɗi kaɗan. Kuɗin nan da ka tara, ko iyaye suka ba ka, ba a ƙasa aka tsince su ba. Minti 15 na gwaji a gaban mai shago ya fi zango guda na da-na-sani. In kuma ka je ka duba ba ka sami wadda ta ci jarrabawa ba, mayar da kuɗinka aljihu ka dawo wani mako, kasuwa ba ta ƙaura. Allah ya sa mu dace.